Rijiyar da Gari Ya Tarar

Ɗan Azumi mahaƙin rijiya ne, mutumin Dogo, amma ya fi shekara talatin yana zaune a Kara-Kara cikin Zinder. Yanzu ya daina shiga rami. Gwiwa ta ƙi, masu hali kuma sun koma kiran motar haƙa. Abin da ya rage masa na sana'a shi ne diga guda, wadda matarsa Ladi ke tokare ƙofar akurki da ita, sai kuma rijiyar Mala Kyari.

Lokacin da ya haƙa wannan rijiya, wurin gonar gero ce a gefen hanyar Mirriya. Daga gidan ƙarshe na gari sai mutum ya yi tafiyar awa guda kafin ya kai. Mahaƙa uku sun gwada kafinsa, dutse ya mayar da su gida. Shi ya yi wata biyar a ciki, yana hura wa dutsen wuta, yana kwara masa ruwan da aka ɗauko a jaki, har ya tsage. A zurfin gaba goma sha tara ya cim ma ruwa. Mala Kyari mai gonar, dattijon Barebari da ba a taɓa jin ya yabi kowa ba, ya ɗanɗana, ya ce, "To." Ɗan Azumi ya ba da labarin wannan "to" ɗin a kowane suna da kowace jana'iza da ya halarta tun daga ranar.

Mala Kyari ya rasu, ƴaƴansa suka yanka gonar suka sayar. Gari ya taso ya tarar da rijiyar, ya wuce ta. Wurin ya zama unguwar Bayan Dutse. Yanzu rijiyar tana tsakanin shagon tela da rumfar mai cajin salula, a bayanta kuma katangar gidan mai unguwa Yakuba. Akwai famfo a unguwar, amma ruwansa yana zuwa ne ranar da ya ga dama, saboda haka guga ba ya hutawa.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ɗan Azumi yakan hau kabu-kabu, babur ɗin haya, ya je ya zauna a dakalin rijiyar. Mata masu ɗiban ruwa su gaishe shi, ya amsa, ya sha moɗa ɗaya, ya leƙa ciki kamar mai duba maras lafiya, ya koma gida.

Wata Juma'a ya tarar da wata budurwa a wurin, da kula ta ƙanƙara a gefenta, tana zuba ruwan rijiyar a ƙananan kwalabe tana rubutu a jikinsu. Hannunta sanye da safar roba.

"Ɗiyata, ruwan ba ya cizo," in ji shi.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce sunanta Aisa, jikar Mala Kyari ce ta wajen uwa, tana karatu a jami'a, fannin ruwa da ƙasa. Tana rubuta littafin kammala karatu a kan rijiyoyin da gari ya mamaye. An ce mata in ta zo Juma'a za ta ga wanda ya haƙa wannan.

"Baba, ko ka tuna irin ƙasar da ka ratsa?"

Shekara talatin da huɗu ba wanda ya yi masa wannan tambaya. Ya gyara zama. Ya ce gaba biyu na farko rairayi ne. Sai jar ƙasa mai tsakuwa gaba huɗu. Sai laka mai danƙo da ke kama diga, gaba ɗaya da rabi, a nan ne igiya ta taɓa tsinkewa da shi. Daga nan sai ruɓaɓɓen dutse, sai dutse na gaske. Aisa tana rubutawa har ta cika shafi uku. Ta tambaye shi tsawon gaba guda a awonsa, ya miƙa hannuwa ta auna da mita a gaban mutane. Aka yi la'asar suna nan.

Da ya koma gida ya gaya wa Ladi cewa an sa shi a littafin jami'a.

"Da ranka?" in ji Ladi, ta ci gaba da tankaɗe.

Bayan sati biyu Aisa ta zo har gida Kara-Kara. Ta gaisa da Ladi, aka ba ta tabarma, ta daɗe tana tambayar lafiyar kaji. Ɗan Azumi ya gane akwai magana.

"Baba, sakamakon ruwan ya fito. Ba shi da kyau. Akwai ƙwayoyin cuta a ciki, irin waɗanda ke fitowa daga bayan gida."

"Wane ruwa?"

"Na rijiyar kakana."

"Shekaranjiya na sha shi."

"Ba a jin su a baki, Baba. Ba a ganin su kuma."

"Ba a ji, ba a gani. To ke ina kika haɗu da su?"

Ta ce ya zo ya gani. Washegari ya sa babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, suka tafi jami'a. Sau da yawa ya wuce ta ƙofar wurin, bai taɓa shiga ba, bai kuma taɓa jin yana da abin yi a ciki ba. Suka ratsa samari da ƴanmata da ke zaune ƙarƙashin itatuwan bedi suna karatu da ƙarfi kamar masu faɗa da takarda. A wani ɗaki mai sanyi ta gabatar da shi ga malaminta, Mushe Rashid, wani siririn mutum da ya miƙe tsaye ya ba shi hannu biyu. Sannan ta fito da wani ɗan faifan gilashi daga cikin akwati mai ɗumi. A kansa akwai ɗige-ɗige masu launi, sun fi a ƙirga.

"Kowane ɗigo daga ƙwaya ɗaya ya tsiro," in ji Aisa. "A ruwan sha bai kamata a ga ko ɗaya ba."

Ɗan Azumi ya kalli faifan, ya kalli ɗakin, ya kalli hannun Mushe Rashid.

"Malam, wa ke wanke muku kwanukan nan?"

Mushe Rashid ya yi bayanin tukunyar da ke dafa kayan aiki da tururi. Ɗan Azumi ya saurara har ƙarshe cikin ladabi.

"Na ji. Amma yarinyar nan ta san ruwan ina ta zuba. Wanda ya san abin da yake nema yakan same shi. Ku ba ni kwalabenku uku. Ni zan cika su, ba zan faɗa muku wanne ne wanne ba. In kwanonku ya gane, shi ke nan."

Aisa ta kalli malaminta. Mushe Rashid ya ce haka ma ake yi a aikin bincike, har da suna gare shi. Ɗan Azumi ya ce ba ya bukatar sunan, kwalaben kawai.

Ya yi aikin da gaske. Kwalba ta farko ya cika ta a rijiyar Mala Kyari da hannunsa, da sabon guga. Ta biyu ya shiga motar Dogo ya je har ƙauye, ya ɗebo daga wata rijiyar daji da makiyaya kaɗai ke zuwa, wadda aka rufe wa baki da murfi. Ta uku ruwan randar gidansa ne, ya sa Ladi ta tafasa. Ya ɗaura wa kowacce zare: fari, baƙi, ja. Ladi ma bai gaya mata ba, ko da yake ita ta ba shi zaren kuma tana tsaye ya ɗaura.

Kwana biyu bayan ya kai, Aisa ta jera masa faifai uku a kan tebur. Na farin zare fes, ba komai. Na baƙin zare ɗigo biyu. Na jan zare kamar an watsa masa gero.

Ba ta tambaye shi ba. Shi ma bai faɗa ba. Ya tsaya yana kallon na jan zaren, na rijiyar Mala Kyari, har Mushe Rashid ya jawo masa kujera. Can ya ce, "Lokacin da na bar ta, lafiya lau take."

"Haka ne, Baba. Ba haƙarka ba ce. Lokacin ba kowa a wurin sai gero."

"Ta ina suke shiga?"

Ta ɗauko takarda ta zana masa rijiyar a tsaye, da rairayin, da jar ƙasar, da lakar, yadda ya faɗa mata. Ta ce lakar nan mai danƙo ita ce ta riƙa tare ƙazanta daga sama. Amma masu haƙa salga a unguwar suna zurfafawa don kada ta cika da wuri, wasu sun huda lakar sun wuce.

"Sun huda lakata," in ji Ɗan Azumi.

Bai jira Juma'a ba. Da safe ya tafi Bayan Dutse, ya riƙa sallama gida gida yana neman a nuna masa bayan gida. Mutane sun ɗauka tsufa ne ya kawo masa matsalar mara, suka riƙa ba shi buta. Yakan karɓi butar, ya je ya tsaya a bakin salgar, ya dawo yana ƙirga taku har bakin rijiya. Ya samu tara a kusa. Wadda ta fi kowacce kusa taku goma sha ɗaya ce, a bayan katangar mai unguwa Yakuba.

Aisa kuwa ta riga ta gwada nata. Ta tsaya a bakin rijiya ta yi wa mata bayani, da takarda a hannu. Suka saurare ta, suka sa mata albarka, suka ce Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, suka cika bidon, jarkokinsu na ruwa, suka tafi. Wata ta ce mata, "Ɗan Azumi ne fa ya haƙa ta. Shi ma sha yake."

Da Aisa ta ba Ɗan Azumi wannan labari ya ce, "To sai ni ke nan."

Ladi ta ce masa ya bar abin ga masu takarda. "Shekara nawa kana cika mana kunne da rijiyar nan. Yanzu kai za ka je ka ce ta lalace?"

"In ban faɗa ba wa za su ji?"

"Ni dai na gaya maka. Ka sa tsohuwar riga, kada a yaga sabuwar."

Ranar Juma'a ya roƙi liman ya ce wa mutane su ɗan dakata a bakin rijiya. Aka taru, maza a gaba, mata daga baya da bokitai. Mai unguwa Yakuba ya zo aka kawo masa kujerar roba. Ɗan Azumi bai iya jawabi ba, saboda haka ya fara daga rairayi, ya bi ta jar ƙasa, ya kai laka. Mutane sun san wannan labari, wasu har suna taya shi. Da ya kai wurin da Mala Kyari ke cewa "to", sai ya tsallake, ya ce, "Daga yau kada wanda ya ƙara shan ruwan nan haka nan. Ni ma na daina."

Sai kowa ya fara magana lokaci guda. Tela ya ce shekara tara yana sha bai mutu ba. Wata mata daga baya ta ce bai mutu ba, amma duk unguwa ta san sau nawa yake rufe shago ya zaga baya. Wani ya ce ƴan jami'a ne ke so a rufe rijiyar don a sa su a rediyo. Wata tsohuwa ta tambayi abin da ya fi komai: in famfo ya ɗauke kwana shida, me za a sha?

Aisa ta amsa wannan. Ta ce ba rufewa za a yi ba. A yi wanki da shi, a yi gini, a ba dabbobi. Na sha kuwa a tafasa, ko a ɗiga masa jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ta nuna yawan ɗigon da za a sa a bidon guda, ta ce a jira rabin awa. Mata suka matso nan, domin wannan magana ce da za a iya aiki da ita.

Sai Yakuba ya tambaya daga kan kujera, daga ina ƙazantar take zuwa, tunda shi ne mai unguwa ya kamata ya sani, ya ɗauki mataki.

Ɗan Azumi ya juya, ya sa bayansa a bakin rijiya, ya fara taku yana ƙirgawa da ƙarfi. A goma sha ɗaya hancinsa ya kusa taɓa katangar Yakuba. Ya tsaya nan bai juyo ba.

"Wannan ai cikin filina ne," in ji Yakuba. "Ina da takarda."

"Ranka ya daɗe, takardar ta sama ce. A ƙasa ba katanga."

"Wa ya ce a haƙa rijiya kusa da gidan mutane?"

"Lokacin da na haƙa ta, wurin da kujerarka take itacen kuka ne."

Yakuba ya ce za a duba lamarin, ya tashi, aka ɗauke kujerar.

An yi wata uku ana duba lamarin. A cikin wannan lokaci Ɗan Azumi ya sayi jan fenti ya zana moɗa a jikin dakalin ya ja mata layi a kai. Wasu suka ce tulu ya zana, wasu suka ce kaza. Mata da yawa sun kama sa jabel. Wasu sun yi sati biyu suka gaji. Tela ya ci gaba da sha kai tsaye, yana kallon mutane ido cikin ido. Gaisuwar Juma'a ta ragu. Akwai waɗanda suka riƙa wuce Ɗan Azumi kamar shi ya zuba abin a ciki, kuma wannan ya dame shi fiye da yadda ya nuna. Wata rana ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ladi ba ta ce "na gaya maka" ba, ta dai rufe kwanon ta ajiye masa.

Abin da ya motsa Yakuba ba taro ba ne. Matarsa Barira ce. Ta gaji da zuwa asibiti da jikokinta masu zawo, ta gaji kuma da yadda mata ke yin shiru in ta iso bakin rijiya. Wata safiya ta kira magina da kanta, ta nuna musu ɗaya kusurwar gidan, nesa da rijiya, ta ce a haƙa sabuwar salga a can. Yakuba ya dawo daga kasuwa ya tarar an cike tsohuwar salga da ƙasa. Da yamma ya sanar a majalisarsa cewa ya ɗauki mataki. Gida uku suka bi sahu. Biyar suka ce ba su da wani wurin, kuma gaskiya ne, filayen ƙanana ne.

Aisa ta sake aunawa bayan damina. Ɗigon ya ragu da fiye da rabi. Ɗan Azumi ya tambaya ko yanzu a sha.

"A'a, Baba."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila ba za ta koma yadda take ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce gara da ta faɗa masa haka.

Ranar da za ta kare littafinta a gaban malamai, ta aiko masa da kabu-kabu. Ɗakin ya cika da danginta Barebari, mata sun sha lalle, an ajiye kuloli na lemo a baya ana jira. Malamai uku suka zauna a gaba. Ta yi magana da Faransanci minti ashirin, bai ji komai ba sai sunansa sau biyu. Sannan aka haska zanen rijiyar a bango. Ya duba, ya ɗaga hannu. Ba a tsara masu kallo su yi magana ba, amma shugaban zaman ya ga furfura ya ce bismilla.

"Lakar nan gaba ɗaya da rabi ce. Nan an sa ta kamar biyu."

Aisa ta ce da Hausa, "Baba, na mayar da ita mita ne."

"To. Ku ci gaba."

Suka ci gaba. Aka ba ta sakamako mai kyau, mata suka yi guɗa har wani malami daga ajin kusa ya leƙo.

A bakin ƙofa Mushe Rashid ya tare shi. Ya ce yana da ɗalibai biyu da za su yi irin wannan aiki baɗi. Ya tambaya ko akwai wasu rijiyoyin da ya haƙa a kewayen gari. Ɗan Azumi ya ce arba'in da ɗaya ya haƙa a rayuwarsa, kuma yana jin bakwai daga ciki gari ya haɗiye su. Mushe Rashid ya ce babu su a taswirar da suke da ita. Ɗan Azumi ya ce ai ba a tambaye shi ba lokacin da ake zanawa.

Haka ya koma fita ranar Talata da Alhamis, shi da Rahama da Adamu, ɗaliban biyu. Su suna riƙe da na'ura da kula, shi yana gaba yana neman duwatsun da ya sani, domin itatuwan duk an sare. Sun samu huɗu cikin sauƙi. Biyu an cike su da shara. Ta bakwai ta ba su wahala. Kwana uku suna zagaye wata sabuwar unguwa mai gidajen siminti, har ya tsaya a ƙofar wani gida mai fentin ruwan toka, ya dubi wani dutse mai tsagi a tsallaken hanya, ya ƙirga taku, ya yi sallama.

Mai gidan, wani ma'aikaci da ya sayi wurin a gine, ya fito da mamaki. Ya ce shekara shida yana nan, babu rijiya a gidansa, bai taɓa jin an yi ba. Amma ya bar su suka shiga, don ganin tsoho. Ɗan Azumi ya ratsa tsakar gida, ya cire takalmi, ya shiga falo, ya tsaya gaban firji. Ya buga ƙasa da sandarsa a gefe, ta yi ƙara irin ta ƙasa. Ya ce a matsar da firjin. Adamu da mai gidan suka ja shi. Ya buga wurin, sai aka ji amo kamar ganga.

"Gaba goma sha huɗu," in ji Ɗan Azumi. "Ruwanta da ɗan gishiri."

Mai gidan ya daɗe yana kallon tayil ɗin. Sannan ya tambaya ko siminti da aka rufe ta da shi yana da kauri. Ɗan Azumi ya ce wannan ba aikinsa ba ne, bai san wanda ya yi ba. Rahama ta rubuta lambar wurin a littafinta. Mai gidan ya kira matarsa, suka fara kwashe kujeru zuwa ɗaya gefen falon.